Turaren zuwa ofis: mai sanyin ƙamshi, mai ɗan yaji, wanda aljihu zai iya

Abban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masana. Turaren maza nake so na zuwa aiki, mai sanyin ƙamshi kamar yanzu aka fito daga wanka, amma da ɗan yaji-yaji a ciki. Ba na son mai zaƙi, ba na son oud. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, esi kuma sai ranar da aka kawo wuta. Kuɗin su Dior da Chanel ya fi ƙarfina. Wanne ya kamata in nema?

Gwaska: Lattafa Asad, ka huta. Fesawa ɗaya sai gobe.

Mai Turare Fagge: Wa'alaikumus salam Abban Ilham. Gwaska, Allah ya shirye ka, mutum ya ce su huɗu ne a ɗaki babu esi ka ce Asad? Ai sai a kai ƙararsa wajen oga.

Kafin a kama sunan kwalba, a fara raba yajin gida biyu, domin a nan mutane suke asarar kuɗinsu. Akwai yaji mai sanyi: masoro, citta, kadamon, da jan masoron nan da ake yawan sawa a turaren Turawa. Waɗannan suna tashi da wuri, suna ɗan tsikarin hanci, kuma sun dace da lemo da na'a-na'a. Akwai kuma yaji mai ɗumi: kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi. Su kuma kusan kullum tare suke zuwa da banila da ambar da taba, suna da nauyi, zafi yana ƙara musu ƙarfi. Abin da kake nema yana gida na farko. Asad yana buɗewa da masoro, gaskiya ne, amma bayan minti ashirin abin da ya rage shi ne banila da taba da ambar. Kwaikwayon Sauvage Elixir na Dior ne, turaren dare ne da lokacin hunturu.

Na ofis, guda uku zan ambata. Lattafa Fakhar, baƙar kwalbar ta maza, mil 100: tuffa da citta da bergamot (wani irin lemo) a farkon fesawa, lafanda daga baya, ya ɗauko salon Y na Yves Saint Laurent. Rasasi Fattan, mil 50: lemo mai ɗaci-ɗaci, jan masoro, sai jema a ƙarshe, ya bi sawun Terre d'Hermès da ya fito a 2006. Sai Salvo na Maison Alhambra ko Ventana na Armaf, idan salon Sauvage kake so, wato bergamot da masoro. A yadda ka bayyana ɗakinku, Fattan na sa a gaba.

Abban Ilham: Na gode Alhaji. Jema wadda muka sani ta bakin fadama, ta saƙa faifai?

Ɗan Damagaram: Danginta ce. Tamu ta Afirka ta Yamma jinsinta dabam, wadda ake tatsar mai daga saiwarta don turare kuma 'yar'uwarta ce, an fi nomanta a Haiti da Indiya da tsibirin Jaba na Indonesiya. A kwali za ka ga an rubuta vetiver. Ƙamshin saiwa ne da ƙasa, busasshe, babu zaƙi ko kaɗan. Amfaninta ga mai aiki a zafi shi ne tana daɗewa a jiki ba tare da ta cika ɗaki ba, kuma idan ta haɗu da gumi ba ta yin tsami. Shi ya sa nake tare da Alhaji a kan Fattan. Aibinsa ɗaya, samari suna cewa ƙamshin dattawa ne. Idan shekarunka ba su kai talatin ba, wataƙila Fakhar ya fi yi maka.

Gwaska: To Club de Nuit fa? Duk wanda ya shiga banki a Kano shi yake ji.

Ɗan Damagaram: Ka faɗi matsalarsa da bakinka. Sannan ba shi da yajin da ake magana. Lemun tsami ne da abarba da hayaƙin itace, kwaikwayon Creed Aventus. Minti 15 zuwa 20 na farko lemon yana da kaifi sosai, har wasu yana sa su atishawa. Wanda yake son sa, ya fesa tun a gida kafin karin kumallo, kafin ya iso ofis kaifin ya kwanta. Kada a fesa shi a bakin ƙofar ofis.

Mai Turare Fagge: A nan ba mu haɗu ba Malam. Club de Nuit Intense Man yana yin ofis sarai idan aka tsaya a fesawa biyu, kuma mil 105 ne a farashin da bai wuce na sauran ba. Amma na yarda ba shi ne amsar tambayar ba, tunda yaji aka ce.

Malamin Kimiyya: Bari in sa baki a kan yawan fesawa, domin rabin ƙorafin da ake yi wa turare a wurin aiki ba laifin turaren ba ne.

Kan feshi na yawancin kwalabe yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na mil a kowace dannawa. Ke nan kwalba mai mil 100 tana ba da dannawa wajen 1000. Idan kana fesa uku a rana, kwana 22 na aiki a wata, ka ci mil 6 da ɗoriya. Kwalbar za ta kai ka wata 15. Mai mil 50 irin Fattan, wata 7 zuwa 8. Mai fesa goma kuwa, wata huɗu da rabi ya gama da mil 100, ga shi ya takura wa jama'a. Don haka idan ana maganar araha, a raba kuɗin kwalba da watannin da za ta yi, kada a tsaya a kan abin da aka biya a kanti.

Me ya sa mutane suke kaiwa goma? Hanci yana sabawa. Bayan ɗan lokaci ƙwaƙwalwa tana daina kula da ƙamshin da bai canza ba, sai mutum ya ɗauka turaren ya gudu. Wannan ya fi tsanani a turarukan da aka cika wa sinadarin ƙamshi na ambroxan, irin Sauvage na 2015 da duk masu kwaikwayonsa, da kuma sinadarin Iso E Super wanda yake da yawa a salon Terre d'Hermès. Kai ba ka ji, na kusa da kai kuma kansa yana sarawa. Maganinsa: kada ka fesa a gaban wuya ko saman ƙirji dab da hanci. Ka sa ɗaya a ƙeya, ɗaya a ciki ko ƙasan ƙirji kafin ka sa riga. Idan za ka ƙara na uku, a gwiwar hannu ta ciki. Ka bar tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakanin kwalba da fata.

Abban Ilham: Malam, to ta yaya zan san ko ya yi yawa tunda ni ba zan ji ba?

Malamin Kimiyya: Ka tambayi wani a gida awa ɗaya bayan ka fesa. Ya tsaya nesa da kai kamar taku biyu. Idan yana ji daga can, ya yi wa ɗaki mai mutum huɗu yawa, gobe ka rage ɗaya. Abin da ake so shi ne sai wanda ya zo miƙa maka hannu ko ya sunkuyo kan teburinka zai ji.

Sista Maman Sadiq: Allah ya saka da alheri Malam, ka faɗi abin da mata da yawa suke jin nauyin faɗa wa abokan aiki. A tuna a ofis akwai mai asma, akwai mai ciwon ɓarin kai, akwai mai ƙaramin ciki wadda ƙamshi kaɗan yake tayar mata da zuciya. Wanda yake aiki a asibiti ko kemis ko wurin abinci, fesawa ɗaya a ƙarƙashin riga ta ishe shi, ɗakin tiyata da na jarirai kuwa a bar shi gaba ɗaya. Kuma don Allah turare ba ya maye gurbin maganin warin hammata. A sa rol-on marar ƙamshi a busasshiyar fata, a bari ya bushe, sannan turare. Idan rol-on ɗin yana da nasa ƙamshin, sabulu da nasa, man shafawa da nasa, turaren da ka kashe wa kuɗi shi ne zai ɓace a cikinsu.

Gwaska: Hajiya an gode, saƙo ya iso inda aka aike shi.

Telan Kwari: Ni tambayata ga masu cewa a fesa a fata. A zafin Afrilu, mutum ya hau adaidaita sahu daga Hotoro zuwa cikin gari, gumi ya wanke komai kafin ya sauka. A tufafi ya fi zama. Sai dai a san irin yadin. Auduga da shadda suna riƙe ƙamshi da kyau. Yadin roba yana riƙewa shi ma, amma yana haɗawa da warin gumi, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Farar shadda da farin yadi su ne abin tsoro: duk turaren da ruwansa ya yi ja ko ruwan ƙasa a kwalba zai bar tabo, na mai kuwa ya fi muni, zai zana da'ira a gaban riga, idan dutsen guga ya bi ta kai ya zauna ke nan. Hanyar da ta fi: a fesa wa singileti ko cikin rigar, daga nesa, a bar ta minti biyar kafin a sa. Kada a fesa kan aikin wuya na zare mai sheƙi. Hula kuma a bar ta, ba kullum ake wanke ta ba, tsohon turare yana taruwa a kanta da maiƙon kai har ya koma wani abu dabam.

Malamin Kimiyya: Maganarka daidai ce ta fuskar daɗewa. Abin da za a sani kawai shi ne a tufafi turare ba ya sauyawa kamar yadda yake yi a fata, domin ɗumin jiki ne yake tayar da shi mataki-mataki. A yadi, lemon da masoron sun fi jimawa, wanda ga mai wannan tambayar ma riba ce. Sai a raba: ɗaya a ƙeya, ɗaya a singileti.

Lokacin shekara ma yana canza lissafin. A bazara, Maris zuwa Mayu, da zafi yake haura digiri 40, turare yana tashi da ƙarfi ya kuma ƙare da wuri, don haka biyu da safe, ɗaya bayan azahar idan an yi alwala an huta. A hunturu fata tana bushewa, busasshiyar fata kuma ba ta riƙe ƙamshi. Sai a shafa basilin kaɗan ko man da ba shi da ƙamshi a wurin kafin a fesa. A damina iska tana da laima, ƙamshi yana rataye a ɗaki, nan ne masu zaƙi suke zama fitina.

Ɗan Damagaram: Tunda an zo kan zaƙi, a yi hattara da Rasasi Hawas. Mutane suna sa shi a layin masu sanyi saboda launin ruwansa da ƙamshin teku, kuma yana da kirfa da kadamon. Amma zaƙinsa yana da yawa, ƙarfinsa kuma ya wuce na ofis. Afnan 9PM ma haka, sunansa ya riga ya faɗi lokacinsa. Wani abin kuma shi ne kumin, wani kayan yaji. Duk turaren da aka ce yana da kumin, a gwada shi a fata a ranar zafi kafin a saya. Déclaration na Cartier, na 1998, turare ne mai kyau ƙwarai, kadamon ɗinsa babu na biyu, amma a jikin wasu kumin ɗin yana fitowa kamar gumin da ya kwana.

Abban Ilham: Akwai wanda ya ce min in nemi mai EDP kawai, wai EDT ruwa ne.

Mai Turare Fagge: Rabin gaskiya ce. Haruffan suna nuna yawan man ƙamshi a cikin alkohol: EDT kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, EDP kamar 15 zuwa 20. Amma babu dokar da ta tilasta wa kamfani tsayawa a kan wannan, kuma daɗewa ta fi dogara da irin kayan da aka zuba. Lemo ko an cika shi ba zai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba, itace da miski da ambar su ne masu kwana. Club de Nuit ɗin da ake magana EDT ne, ya fi EDP da yawa daɗewa. Kuma ka sa a ranka cewa turare mai sanyi na gaskiya awa 5 zuwa 6 ne aikinsa. Wanda ya ce maka ga mai sanyi mai kwana biyu, ko dai ba mai sanyi ba ne, ko ciniki yake nema.

Kada ka sayi cikakkiyar kwalba tukuna. Masu turare da yawa suna ɗura mil 5 ko mil 10 a ƙaramar kwalbar feshi daga ta asali. Mil 5 dannawa 50 ne, ya ishe ka sati biyu zuwa uku na aiki. Ka sa a ɗura a gabanka. Ka karɓi Fattan da Fakhar, ka yi sati da kowanne. A kanti kuma kada ka shinshina fiye da uku a zama ɗaya, kuma kada ka yanke hukunci da ƙamshin murfi ko na minti biyar ɗin farko. Ka fesa a hannu, ka tafi harkarka, ka sake shinshinawa bayan awa uku. Abin da ka ji a lokacin shi ne abin da abokan aikinka za su zauna da shi.

Gwaska: Alhaji a yi mana bayanin jabu. Yanzu har na Dubai masu arahar ma ana buga jabunsu.

Mai Turare Fagge: Ana yi, musamman waɗanda suka yi suna. Abubuwan dubawa: lambar da aka buga a gindin kwalba ta zo daidai da ta ƙasan kwali, idan babu ko sun saɓa, ajiye. Ledar da aka naɗe kwalin ta kasance a matse, ninkinta a tsafce, ba a cukurkuɗe da gam ba. Rubutu ya fito tas, babu kuskuren harafi. Bututun da ke cikin kwalba siriri ne, kusan ba a ganinsa, kuma bai yi tsawon da zai lanƙwashe sosai a ƙasa ba. Feshin ya fito kamar hazo, ba tsartuwa ba. Wuyan kwalba kada ya yi motsi ko ya yi yoyo. A jabu warin sifirit yana daɗewa, ƙamshin kuma ya mutu cikin rabin awa. Babbar alama ita ce farashi: kayan nan da dala ake shigo da su, idan kowa yana sayarwa a kuɗi kaza wani ya ce maka rabi, ka san inda aka dosa. A kula da masu cewa testa ce, wato kwalbar gwaji, shi ya sa ta yi araha, ta wannan ƙofar jabu da yawa suke shigowa.

Sannan ka dubi inda aka ajiye kayan. Kwalbar da ta yi wata tana shan rana a kan tebur a bakin titi, ko ta asali ce ta riga ta lalace.

Malamin Kimiyya: Wannan batu na ƙarshe ya shafi gida ma. Man lemo shi ne ya fi saurin lalacewa idan ya haɗu da zafi da haske da iska, kuma shi ne ran irin turaren da ake nema a nan. Alamar ya tafi: ruwan ya yi duhu, farkon ƙamshin ya koma tsami-tsami. Kada a bar kwalba a mota, zafin cikin motar da ke rana yana wuce na waje nesa ba kusa ba. Kada a ajiye a banɗaki ko bakin taga. A mayar da ita kwalinta, a sa a cikin durowar kaya, can ƙasa. Na ƙari da rana, a ɗura mil 5 a ƙaramar kwalba a bar ta a aljihun tebur.

Baban Khalifa: Ni damuwata alkohol ɗin. Mutum zai yi azahar da la'asar da kayan a jikinsa.

Shugaban Zaure: Malam, malamai sun yi saɓani a kan wannan, wasu sun halatta wasu sun ga a nisanta, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Kada mu buɗe wannan babin a nan. Amma a ba shi zaɓin da babu alkohol.

Ɗan Damagaram: Akwai. Al-Rehab na Saudiyya suna da 'yan kwalabe masu mil 6 na murzawa, Silver ɗinsu yana da sanyi, lemo da ɗan ƙamshin ganyen shayi da miski, sai dai yajinsa kaɗan ne. Masu sayar da turaren mai na awo kuma suna da kwaikwayon kusan duk sunayen da aka ambata a sama. Na mai ba ya tashi nesa, yana lafewa a jiki, wanda hakan ya dace da ofis. Murzawa ɗaya a bayan kowane kunne, ɗaya a wuyan hannu, a bari ya shiga fata kafin hannun riga ya taɓa wurin. Amma farkon nan mai kaifi na lemo da masoro ba ya fitowa sosai a mai, domin alkohol ne yake ɗaga shi.

Telan Kwari: Wasu suna sayen man su haɗa na feshi da kansu. Yaya awon yake?

Malamin Kimiyya: Kwalba mai mil 30: mai mil 6, alkohol mil 24, ya ba ka kashi 20 cikin ɗari. Na ofis ma mil 4 da rabi a cikin 25 da rabi ya isa, kashi 15 ke nan. A auna da sirinji, ba da ido ba. Alkohol ɗin ya zama ethanol na haɗa turare, mai ƙarfin 95 ko 96. Kada a kusanci methanol ko sifirit ɗin da ba a san asalinsa ba, methanol guba ne, yana shiga ta fata da numfashi, yana taɓa ido. Sifirit na wanke ciwo kuma ruwa ya yi masa yawa, haɗin zai yi fari kamar an ɗiga madara.

Kafin ka zuba duka, gwada ɗigo biyu na man a cikin cokali ɗaya na alkohol. Idan ya narke ya yi garau, ci gaba. Idan ya yi gajimare ko ya rabu ya taso sama, an tsinka man da farafin ko wani man da ba ya narkewa a alkohol, wannan sai dai murzawa. Bayan haɗawa a girgiza, a rufe sosai, a ajiye a wuri mai duhu sati biyu zuwa huɗu, warin alkohol ɗin zai kwanta. Kuma yawancin man awo an riga an tsinka shi tun kafin ya iso hannunka, don haka kashi 20 ɗinka ba lallai ya kai ƙarfin na kamfani ba. Ranar farko a gwada a cikin gwiwar hannu a jira kwana ɗaya. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi a bar shi, man kirfa da na kanumfari suna cikin waɗanda suka fi yin haka.

Abban Ilham: Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan karɓi mil 5 na Fattan da na Fakhar in gwada. Tambaya ta ƙarshe Alhaji: idan na sa kaya sun sha turaren wuta a gida, zan iya fesawa a kai?

Mai Turare Fagge: Da Fattan za ka iya, idan turaren wutar na itace ne irin sandal, ko na kajiji, kuma bai kama kayan sosai ba, jema tana tafiya da su. Sai ka rage zuwa fesawa ɗaya, a fata. Da Fakhar ko Salvo kuwa a'a, musamman idan haɗin mai sukari da miski ne, zai danne lemon da cittar gaba ɗaya. Ka roƙi uwargida ta ware maka kayan aiki kala biyu ko uku a wata durowar dabam, ranar da za a turara ɗaki a rufe ta.